Photopea a Aikin Haɗa Hotuna: Abin da Take Iyawa da Inda Take Gazawa

Yawancin aikin da ake kawo wa masu zane da kwamfuta a Kano, Zariya, Kaduna ko Maraɗi iri ɗaya ne: a yanko mutum daga hoton da aka ɗauka a tsakar gida ko a situdiyo, a dasa shi a wani wurin, a sa rubutu, a kai a buga. Katin ɗaurin aure, kalandar biki, sitikar kayan rabo, fastar ɗan takara, hoton barka da Sallah, banar walimar sauka, duk haka ake yin su. Photoshop ce ta daɗe tana riƙe da wannan aiki, amma tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabbin fitowarta saye ɗaya, sai dai haya, biya da dala duk wata. Abin da ya sa kwafin sata ya cika shaguna ke nan, kuma sau da yawa da shi ake kwaso cutar da ke lalata kwamfuta. Photopea ita ce mafita mafi kusa ga wanda hannunsa ya saba da Photoshop, kuma ta isa a dogara da ita a aikin kuɗi, muddin an san iyakarta.

Wani masanin manhaja mai suna Ivan Kutskir, haifaffen Yukiren mazaunin birnin Prag, shi ya ƙirƙire ta, ta fara fitowa a 2013. Ba a girka ta. A burauza ake buɗe shafinta, Chrome ko Edge ko Firefox, a kama aiki ba tare da rajista ba. Hoton da ka buɗe ba ya tafiya ko'ina, kwamfutarka ce ke sarrafa shi, ban da 'yan kayan aikin ƙirƙirarriyar basira irin su Remove BG waɗanda sai da intanet suke aiki. Wannan na da amfani biyu. Na farko, data ba ta ƙarewa wajen loda manyan hotuna, kuma idan shafin ya gama buɗewa, ko sabis ya ɗauke aiki na ci gaba. Na biyu, hoton amaryar mutane yana nan inda aka ba ka amanarsa. Kyauta ce, da talla a gefen dama. Mai son a cire tallar zai biya kimanin dala 5 a wata, kuma matakan komawa baya su ƙaru daga 30 zuwa 60.

Tana buɗe fayil ɗin PSD, wato na Photoshop, da leyoyinsa (shimfiɗun hoto da ake jerawa ɗaya kan ɗaya) da rubutunsa yadda aka bar su, ta kuma adana a PSD ɗin. Tana buɗe PDF, da XCF na manhajar gyaran hoto ta GIMP, da ɗanyen hoton kyamara. Tsarin fuskarta da gajerun maɓallanta kusan na Photoshop ne, sai 'yan wuraren da burauza ta riga ta kama. Misalin da zai fi damun sabon zuwa: Ctrl da T sabon shafi yake buɗewa, don haka jan hoto a ƙara masa girma ko a rage, wato Free Transform, yana kan Alt da Ctrl da T.

Kafin a yanka komai

Rabin lalacewar aiki daga girman takarda take farawa. A4 a kan fiksel 300 kowane inci (fiksel su ne 'yan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) yana nufin fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. A3 kuwa 3508 da 4961. Katin A5 shi ne 1748 da 2480, amma in za a yanke gefensa a wurin bugu, a ƙara milimita 3 a kowane gefe, ya koma 1819 da 2551, kada wuƙa ta bar farin layi. Na sitatus ɗin WhatsApp 1080 da 1920 ya wadatar.

Sai hoton da mai aiki ya kawo. Idan ta WhatsApp aka turo shi yadda aka saba, an riga an matse shi, dogon gefensa bai cika wuce fiksel 1600 ba. A bugu mai kyau wannan inci biyar ne da ɗan ɗoriya. Zai yi a kati, amma in aka ja shi ya cika A3, fuska za ta narke, zaren aikin hula ya cakuɗe. Babu maɓallin da zai dawo da abin da aka riga aka zubar. A sa mai hoton ya sake turowa a matsayin dokumen, ko a karɓa ta kebul.

A shigo da shi ta File, sannan Open & Place. Hakan na sa ya shigo a matsayin Smart Object, wanda ko an rage shi an sake ƙarawa sau goma, asalinsa na nan. Wanda aka kwafo aka manna kai tsaye kuwa, da zarar an ƙanƙanta shi an tabbatar, fiksel ɗin da suka tafi sun tafi. A kuma duba alamar sarƙa da ke tsakanin W da H, wato faɗi da tsawo, a saman allo, ta kasance a kunne. Fastocin da ake gani da fuskar ɗan takara ta yi faɗi ko ta yi tsawo, daga nan matsalarsu take.

Yanka

A nan ne ake gane manhaja, kuma Photopea ta yi rawar gani, ko da yake ba ta kamo Photoshop ta yanzu ba. Hanya uku ce mai amfani.

Magic Cut, a ƙarƙashin Select, ita ce ta gaggawa. Ka shafa kore a jikin abin da kake so, ja a kan abin da za a zubar, sakamako ya fito a gefen dama nan take. Ga namiji cikin kaftani mai duhu a gaban farin bango, minti ɗaya ya isa. Tana ruɗewa idan kalar kaya ta yi kusa da ta bango, misali farar shadda a gaban farin labule, ko hula ruwan ƙasa a jikin katangar laka. A irin wannan sai ta cinye kafaɗa ko ta bar guntun bango a maƙale.

Refine Edge ita ce ta gashi, gemu, gezar mayafi da bakin leshi. Kala uku ake shafawa: fari ga abin da tabbas jiki ne, baƙi ga abin da tabbas bango ne, toka-toka ga bakin da ya gauraya. Sirrin shi ne a ƙuntata tokar. Masu koyo sukan shafa ta da faɗi, sai manhajar ta shiga lissafi a inda babu buƙata, kunne ko gefen kumatu ya fito shara-shara ana hango bango ta cikinsa. A bi bakin gemun kawai da siririn burushi.

Ta uku ita ce Pen, alƙalamin zana layi. Babbar riga, gwaggwaro mai kaifin ninki, mota, kujera, kwalbar turare, duk wani abu mai tsayayyen baki, da ita ya kamata a yanke shi. Tana cin lokaci, cikakken mutum zai iya kai minti goma sha biyar, amma bakin da take bayarwa babu na biyunsa. A zuƙo hoton zuwa kashi 200, a riƙa bin layin ta ɗan ciki da fiksel ɗaya, a rage yawan ɗigo. Lanƙwasa ɗaya ɗigo biyu take so, ba goma ba. Aiki mai kyau yakan haɗa biyu: jiki da Pen, kai da Refine Edge.

Ko wacce aka bi, a fitar da sakamakon a matsayin Raster Mask, kada a goge da magogi. Maski ba ya share komai, ɓoyewa yake yi: baƙi ya ɓoye, fari ya bayyana. In mai aiki ya dawo ya ce an yanke wa Hajiya gefen mayafi, farin burushi kawai za a shafa ya dawo.

Abu biyu ke biyo bayan yanka. Na farko wani siririn farin zobe da ke zagaye mutum, ragowar tsohon bango, wanda ba ya fitowa sai an ɗora shi a wuri mai duhu. Maganinsa a danna maskin, a je Filter, Other, Minimum, a sa fiksel 1, in ya yi yawa 2. Sannan a ba maskin Gaussian Blur na 0.5 zuwa 1, don bakin da ya fi sauran hoton kaifi shi ma tona asiri yake. Na biyu kalar tsohon wuri da ta fantsama a jiki. Farar shadda da aka ɗauka kusa da koren labule ko a kan ciyawa tana ɗaukar kore a gefenta. A buɗe sabuwar leya a sama, a maƙala ta da ta mutumin da Alt da Ctrl da G, a mai da yanayin haɗinta Color, a ɗebo kalar rigar daga wuri mai tsabta, a shafa a gefen.

Mayafi shara-shara da net ɗin amarya sai an yi haƙuri. Ba a yanke su kamar kwali. A kan maski, a shafa toka maimakon baƙi, wato burushi baƙi mai ƙarfin kashi 30 zuwa 50, har sabon bangon ya riƙa lekowa ta cikin yadin. In tsohon bangon mai duhu ne sabon kuma mai haske, sai an ɗaga hasken wurin da Curves, wato layin da ake lanƙwasawa don ƙara ko rage haske, in ba haka ba mayafin ya fito kamar ya yi datti.

Abin da manhaja ba za ta yi maka ba

Ana iya yanka mai tsabta, hoto kuma ya fito kowa ya gane haɗi ne. Dalili uku ne, kuma duk kayan gyaransu suna cikin Photopea, sai dai ido ne zai yi hukunci.

Tsayin kyamara. Layin da sama ta haɗu da ƙasa a kowane hoto yana daidai tsayin da aka riƙe kyamara. In an ɗauki mutum da waya a daidai ƙirjinsa, to a sabon wurin ma layin nan ta ƙirjinsa ya kamata ya ratsa. Aka ɗora shi a bangon da aka ɗauka daga saman bene, zai zama kamar yana shawagi, ko me aka yi masa. Don auna girma a nemi ƙofa a cikin bangon: ƙofar ɗaki kusan mita 2 ce, babban mutum kuwa bai cika kai wa samanta ba.

Inda haske ya fito. A duba inuwar hanci da ta ƙarƙashin haɓa, a duba inuwar abubuwan da ke bango. In sun saɓa, a juya bangon hagu zuwa dama, ba mutumin ba, matuƙar babu rubutu ko sanannen gini a ciki. Juya mutum na da haɗari a kayanmu. Aljihu da askar babbar riga a hagu suke, in suka koma dama duk wanda ya san riga zai gani. Haka agogo, da karin hula, da rubutun jikin riga. Irin hasken ma abin dubawa ne. Ranar tsaka tana ba da gajeriyar inuwa mai kaifi, ta duhunta idanu a ƙarƙashin hula. Ta la'asar sakaliya doguwa ce, da ja-ja. Hazon hunturu kuwa yana kashe inuwa, ya dusashe komai. Wanda aka ɗauka a tsakar rana ba zai zauna a bangon faɗuwar rana ba, gara a canza bangon tun da wuri.

Daidaita haske da kala. Dabarar da ta fi aiki ita ce a raba su. A sa leya a can sama, a cika ta da toka mai lamba 808080, a mai da ita Color, hoton duka zai koma baƙi da fari. Yanzu a kwatanta: wuri mafi duhu a jikin mutum ya yi daidai da mafi duhu a kusa da shi a bango? A maƙala masa Curves, a ɗaga ko a sauke ƙarshen layin har su daidaita. Sai a kashe leyar tokar, a koma kan kala. In bangon na da ɗumi, a cikin Curves ɗin a ɗan ƙara ja, a ɗan rage shuɗi. Kaɗan ake yi. A kula da fata ƙwarai a nan. Ɗaga tsakiyar layin da yawa yana mai da baƙar fata toka-toka, kamar an shafa hoda, kuma yana kashe ƙyallin da ke ba fuska siffa. Mutane da yawa na cewa a ƙara musu haske, amma abin da ke gyara fuska shi ne a buɗe inuwar ƙarƙashin ido da ta wuya kaɗan, a bar kalar da Allah ya ba mutum. Hoton da dangi za su kalla su ce ba ita ba ce bai yi amfani ba.

Sai inuwa, wadda ita ce ke dasa ƙafa a ƙasa. Kada a yi amfani da Drop Shadow ga mutumin da ke tsaye, domin inuwar takarda a jikin bango yake bayarwa. Inuwa biyu ake yi da hannu, kowacce a leyarta a ƙarƙashin mutumin, a yanayin Multiply. Ta farko siririya ce mai duhu, daidai inda takalmi ko bakin zane ya taɓa ƙasa, da ƙaramin burushi mai laushi a ƙarfin kashi 20 zuwa 30, ana maimaitawa har ta kama. Ta biyu ita ce mai miƙewa: a kwafi siffar mutumin, a cika ta da kala mai duhu, a kwantar da ita ta Distort zuwa ɓangaren da sauran inuwoyin wurin suka nufa, a rage ƙarfinta zuwa kashi 30 ko 40, a sa ta ƙara dishi-dishi tana nisa da ƙafa. Kalar inuwa a ɗebo ta daga wata inuwa da ke cikin bangon. Baƙi ƙirin ba ya zama a kan yashi ko jar ƙasa.

In ana son bango ya yi dishi-dishi, kada a bar ƙasan da ƙafa ke kai ya dusashe tare da shi, a sa maski mai gangara daga ƙasa zuwa sama. Daga ƙarshe a ɗora leyar toka 808080 a sama, a ba ta Add Noise na kashi 2 zuwa 3, a mai da ita Overlay. Wannan ɗan yashi-yashin yana haɗe hoton waya da bangon da aka sauko da shi mai santsi, su zama kamar kyamara ɗaya ta ɗauke su.

Da yake kayan aikin sun kai a yi haɗin da ba a ganewa, wajibi ne a faɗa: dasa mutum kusa da wani babba don a ce sun gana, ko ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba, ba aikin zane ba ne, cin mutunci ne, kuma yana kashe aure yana kai mutum kotu. Mai shago ya ƙi karɓar irin wannan ko nawa za a biya.

Rubutu

Photopea na da tarin salon haruffa masu yawa, tana sauko da wanda aka zaɓa daga intanet a lokacin, don haka wannan ɓangaren yana son sabis. Matsalar ita ce yawancin masu ƙawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Sai ka rubuta "ɗaurin aure" harafin farko ya fito da wani salo daban, ko ya zama akwati. Noto Sans, Noto Serif, Andika da DejaVu Sans duk suna da su. Wanda yake da nasa fayil ɗin haruffa, TTF ko OTF, zai buɗe shi ta File, Open, ya shiga jerin. A gwada kalmomin "ƙarfe", "ɗaki" da "ɓera" kafin a zaɓi salo. In akwai aya ko addu'a da Larabci, a sa wanda ya iya karatu ya duba haɗin haruffa da wasulla kafin bugu, ba bayan an buga kwafi ɗari biyar ba.

Inda take gazawa

Babban rauninta ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato RAM. Kowace cikakkiyar leya tana cin bayit 4 a kan kowane fiksel. A A4 wannan kusan MB 35 ne, ba matsala. Amma banar ƙafa 10 da ƙafa 4 a kan fiksel 100 kowane inci ta kai 12000 da 4800, wato kusan MB 230 leya ɗaya, ban da abin da tarihin komawa baya ke riƙewa. A kwamfuta mai RAM na GB 4, leya biyar ko shida sun isa shafin ya sandare ko ya mutu. Mafita ita ce a yi banar a kan fiksel 50 zuwa 72, tunda daga nesa ake kallonta. A 50, girman ya koma 6000 da 2400, leya kuma ƙasa da MB 60. Ko kuma a gama haɗa mutanen a Photopea, a fitar da su PNG marar bango, a ƙarasa rubutu da shimfiɗa a CorelDRAW, wadda dama ita masu bugu suka fi sabawa da ita.

Rauni na biyu ya fi zafi a inda wuta ba ta da tabbas: abin da ba a adana ba, in shafin ya rufe ya tafi. A adana PSD tun daga minti na farko, a riƙa danna Ctrl da S bayan kowane babban mataki. A Chrome da Edge adanawar na komawa kan fayil ɗin da aka buɗe, a Firefox kuwa sabon kwafi take saukewa kowane karo. Chrome kuma na da tsarin Memory Saver da ke kwantar da shafin da aka daɗe ba a taɓa ba, a shiga saituna a sa adireshin Photopea cikin waɗanda ba a taɓawa. Matakai 30 na komawa baya ma ba su da yawa, shafar burushi talatin ce kawai, wani dalilin ke nan na yin komai da maski da leya daban-daban.

Tallar gefe tana cin wuri, a allon inci 14 ana jin ƙuncin. A waya tana buɗewa, amma maɓallan sun yi ƙanana, yanka da yatsa wahala ce. Ta yi a canza suna ko kwanan wata a PSD idan ana kan hanya, ba a fara aiki daga tushe ba. Wajen gashi mai yawa a bango mai hayaniya, da manyan fayiloli, da saurin tacewa, Photoshop na gaba nesa ba kusa ba. Wanda kuma shagonsa ba ya samun intanet sam, GIMP ta fi masa, kyauta ce ita ma, ana girka ta, kuma fitowarta ta 3.0 a watan Maris na 2025 ta kawo gyaran da ba ya taɓa asalin hoto, sai dai hannu zai sake koyon maɓallai.

Ga mai yin kati, kalanda, sitika da fasta har zuwa A3, a kwamfuta mai RAM na GB 8 da maus na gaske, Photopea ta wadatar ba tare da an nemi wata ba. Wajen fitarwa, JPG a inganci 90 zuwa 95 ya isa bugu, PNG ga abin da ba shi da bango, PDF in mai bugu ya nema. A tuna allo haske yake fitarwa, inji kuwa tawada yake zubawa, saboda haka kore mai ƙyalli da shuɗi mai kaifi za su dusashe, fuska mai duhu kuma ta ƙara duhu. A buga gwaji ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, a duba fuska a hasken rana, in ta nutse a ɗaga inuwa kaɗan da Curves a sake gwadawa, sannan a ba da izinin buga sauran.